Sabulun aski ga mai aska: wanne ne ke jure ruwanmu da zafinmu

Duk wanda ya fara riƙe aska da hannunsa, ina nufin aska ta gaske mai naɗewa wadda ake wasawa a dutse a goga a fata, ba rezar kanti mai baki uku ba, za ka ga hankalinsa gaba ɗaya yana kan ƙarfen. A wace ƙasa aka ƙera ta, 'yar Solingen ce ta Jamus ko 'yar Faransa, wane dutse zai saya, wace fata. In ka ce masa sabulu fa, sai ya ce ai kowanne ma ya yi. Toh gaskiya ba kowanne ne ya yi ba, kuma da yawa daga yankan da sababbin shiga suke yi wa kansu a wuya da bayan kunne ba laifin askar ba ne, kumfar ce ta bushe ko kuma tun farko ma ba ta da santsi. Ni ina barin gemuna, abin da nake askewa kai ne ƙwal, sai gyaran fuska wato gefen kumatu da ƙasan wuya, don haka duk abin da zan faɗa a kan wannan aikin na gwada shi, da ruwan burtsatsen unguwa da zafin garin nan, ba da ruwan famfon Turai ba.

Abin da ya kamata mutum ya fara ganewa shi ne rezar zamani an yi mata kariya, akwai roba a gaba akwai wani ɗan zirin santsi a baya, ko ka yi ganganci tana rufa maka asiri. Aska ba ta da ko ɗaya. Tsirarar kaifi ce kwance a kan fatarka a karkace kamar digiri 30, kuma ba abin da ya raba ta da jini sai wannan ɗan siririn ruwan sabulun da ke tsakani. Shi ya sa mai aska ba tulin kumfa yake nema ba, santsi yake nema, irin wanda askar za ta zame da kanta ba sai ka danna ba. Sannan aski da aska ba a yin sa da gaggawa, kana ja kana goge bakin a tsumma kana canza hannu kana laluben ƙeya, kafin ka zagayo ɗaya gefen an ɗau lokaci, in sabulun mai saurin bushewa ne ka tarar ya zama fari fat yana farfashewa, askar ta dinga tsalle a kai, a nan ake yankewa. Akwai kuma abin da na fi ba wa muhimmanci fiye da komai, wato santsin da ke saura a fata bayan askar ta riga ta kwashe kumfar. Saboda kusan kullum sai ka koma ka ɗan maimaita wani wuri da gashi ya tsira, in sabulun kirki ne ka shafa yatsa mai ruwa kawai wurin ya dawo sulɓi, in ba na kirki ba ne sai ka ji fatar tana ƙiii tana riƙe ƙarfen.

Duk wannan daga haɗin yake fitowa, kuma ba wani sirri ba ne, a bayan kwalin aka rubuta. Sabulun aski na gaske za ka ga Stearic Acid ko Potassium Stearate a farko-farkon jerin, shi ne ke sa kumfa ta yi kauri ta tsaya ba ta narkewa. Za ka ga Potassium Hydroxide, shi ke sa sabulun ya yi laushi ya saki jiki da wuri in buroshi ya taɓa shi, alhali sabulun wanka yawanci da Sodium Hydroxide kaɗai ake yin sa shi ya sa yake da tauri. Man kwakwa yana kawo kumfa mai yawa da sauri amma in ya yi yawa yana busar da fata. Gilisarin yana riƙe danshi. Sai kitse, wanda suke rubutawa Tallow ko Tallowate, kitsen shanu ko na tumaki ne, kuma a tawa fatar sabulai masu kitse su suka fi ba ni wancan santsin da ke saura.

Sabulun wanka sam kar ka fara. Aikinsa ya wanke maiƙo ya tafi, kumfarsa manyan ƙwayoyi ce cike da iska, kafin ka buɗe askar ta mutu. Kumfar gwangwani ta fesawa ma ba ta mai aska ba ce, gas ne ya hura ta, tana da kyan gani a madubi amma ruwan cikinta kaɗan ne, ga ta tana rufe maka fata ba ka ganin inda ƙurji yake ko inda layin sajenka ya tsaya. Akwai wata ta gwangwani da aka kawo min tsaraba, ranar da na sa ta a kai tun kafin in gama gefen dama na hagu ya bushe ƙayau, askar ta kama wani ɗan tudu a bayan kunnena, jinin nan sai da na danna alif ya tsaya. Tun daga nan in dai aska ce a hannuna ba na kusantar gwangwani.

Bari in fara da wanda ke kan tagar banɗakina kullum, Arko. Ɗan Turkiyya ne, kamfanin Evyap na Istanbul ke yin sa, wani ɗan sanda ne fari naɗe cikin takarda mai ƙyalli da jan tambari da hoton wani mutum fuska duk kumfa yana murmushi. Ana sayar da shi ɗai-ɗai ana kuma sayar da kwali mai guda 12, kuma a duk sabulan waje da zan ambata shi ne mafi araha nesa ba kusa ba. Ana cewa araha ba ta ado, toh wannan dai ta yi. Kitse ne tushensa. Yadda ake amfani da shi ma ya dace da mai askin kai, ka jiƙa kan sosai, ka yage takardar kaɗan, ka goga sandan kai tsaye a kan gashin ta inda ya saba wa kwanciyarsa har ka ga ya bar fari-fari, sannan ka ɗauko jiƙaƙƙen buroshi ka hau murzawa. Wallahi cikin ɗan lokaci kumfa za ta taso har tana gangarowa ta kunne. Babban abin da ya sa na riƙe shi shi ne ba ruwansa da irin ruwan da ka ba shi, na burtsatse, na rijiya, na 'yan garuwa, duk yana kumfa. Kuma yana shan ruwa, kana ƙara masa yana ƙara santsi ba ya tsinkewa da wuri, wanda shi ne daidai abin da mai aska ke so. Zafi ma ba ya dame shi, ka bar shi a jaka ka yi tafiya ka dawo yana nan yadda yake.

Inda mutane suke rabuwa a kansa ƙamshi ne. Ƙamshin lemun tsami ne mai ƙarfi irin na sabulu zalla, wasu suna so wasu ba sa iya jurewa. In ya dame ka ka cire takardar gaba ɗaya ka bar shi a buɗe a inuwa na wasu makonni, ƙamshin yana lafawa sosai aikin kuma ba ya raguwa. Abu na biyu, yana barin fata a ɗan bushe bayan an gama, musamman da hunturu, don haka ba a rabuwa da man kaɗe a kusa. Wanda ba ya son goga sanda a kai, sabulun yana da laushi, ka yanka shi ƙanana ka danna cikin ƙaramin kofin silba da babban yatsa, ya zama na kwano.

Proraso kuma ɗan Italiya ne daga Fulorens, kamfanin Ludovico Martelli da aka kafa tun 1908, kuma shi ne sabulun da shagunan askin Italiya suka shahara da shi. Yana zuwa a roba mai murfi, fara ko mai launi, mililita 150, laushinsa tsakanin sabulu da kirim. Kala-kala ne. Kore shi ne na asali, mai man bishiyar turare (eucalyptus) da mentol, fari na masu fata mai saurin fushi ne an sa masa koren shayi da hatsin oat, ja kuma sandal ne da man kaɗe, namu na nan da ake kwasa ana kai musu. Ba kitse a cikinsu. Koren nan a watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura ga ba wuta ga fanka a tsaye, in ka shafa shi a kai ka gama ka watsa ruwa, sanyin da za ka ji har cikin ƙwaƙwalwa ba a magana, don wannan kaɗai ma ya cancanci a ajiye shi. Yana kuma da sauƙin tayar da kumfa, sabon shiga ba zai sha wahala ba.

Amma in maganar aska ake yi tsakani da Allah santsinsa bai kai na Arko ba, musamman wancan na bayan an kwashe kumfa. In zan maimaita wuri sai na sake shafawa. Kuma da hunturu iskar nan mai ƙura tana shanye shi da sauri, ga mentol a kan fatar da sanyi ya riga ya fasa, raɗaɗi ne kawai. Saboda haka ni a wurina koren na bazara ne, da sanyi in dai Proraso ne sai ja, shi ya fi taushi a fata kuma ya fi dacewa da gashi mai tauri irin namu. Dabarar da ke taimakawa da kowanne daga cikinsu, kar ka shafe kan gaba ɗaya lokaci guda, ka raba shi, ka shafa gefe ɗaya ka aske sannan ka shafa ɗayan.

Wanda ya fi ba ni daɗi a fata duk cikinsu Cella ne, shi ma ɗan Italiya amma daga Milan, a jikin jar robar an rubuta 1899. Haɗinsa gajere ne, man kwakwa da kitse da Stearic Acid da ɗan abin da ba a rasa ba, ƙamshinsa na almon mai zaƙi-zaƙi, ba ya hawa kai. Laushi gare shi har kana iya lakato shi da yatsa. In ka ba shi ruwa daidai kumfarsa tana fitowa da sheƙi da nauyi kamar kindirmo mai kyau, ba ƙwayar iska ko ɗaya, ka ɗaga buroshin ta ɗan rankwafo ba ta ɗiga ba. A kan wannan kumfar askar ba ta ƙara ma sosai, sai dai ka ji wani siririn sauti tana yanke gashin, ka duba bakin ka ga baƙin gashi jere cikin farar kumfa. Ƙasan wuya inda fatata ta fi saurin yin ja, da Cella ne kaɗai nake gamawa in shafa ruwa ban ji komai ba.

Sai dai Cella ɗan gata ne, ba ya son zafi. Sabulu ne mai danshi da kitse, in ya daɗe a wuri mai ɗumi launinsa yana komawa ruwan ƙasa ƙamshin ya canza, shi ya sa ko a Turai masu sayen babban bulo ɗin nan mai kilo 1 suke yanka kaɗan su sa sauran a firji. Mu da wuta ke zuwa ta tafi, kar kwaɗayin arahar kilo ya ja ka, sai dai in shagon aski gare ka ko za ku raba da abokai. Ka sayi ƙaramar roba mai giram 150, ka ajiye ta a ɗaki mafi sanyi ba a tagar da rana ke bugawa ba, in ka gama ka bar murfin a buɗe ya sha iska kafin ka rufe, kuma ka yi ta amfani da shi har ya ƙare, ba sabulun ajiya ba ne.

Sai Mitchell's Wool Fat na Ingila, daga Bradford garin masaƙun ulu. Wannan sunansa ya yi nisa a wurin masu aska, yana zuwa a wani kyakkyawan kaskon tangaran mai murfi, abin da ya bambanta shi kuma lanolin ne, maiƙon da ake samu a jikin ulun tumaki. Abin da yake yi wa fata bayan aski gaskiya ba na biyunsa, ka gama ka ji kan yana da taushi ko mai ba ka shafa ba. Amma duk duniya an san shi da abu ɗaya, yana wahalar tayar da kumfa a ruwa mai nauyi. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da yawa yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da maganiziyam, su kuma in sun haɗu da sabulu sai su ɗaure shi ya zama wani dusa-dusa maimakon kumfa, irin farin dattin nan da ke kwanciya a gefen bokiti. In kana so ka san naka ruwan, duba cikin butar da kake dafa ruwa, in ka ga farin ɓawo ya manne a gindinta toh ruwanka mai nauyi ne. A irin wannan ruwan kumfar Mitchell's takan fito da iska-iska ta ɓace a kai kana kallo. Maganin mai sauƙi ne, ruwan leda ɗaya ya isa aski, ko ruwan sama da aka tara da damina, ka ɗiga kaɗan a kan sabulun ya jiƙa kafin ka fara, ka kuma daɗe kana ɗiba da buroshi fiye da yadda ka saba. In ka yi haka zai ba ka abin da ake yabonsa a kai. Amma ga tsada ga lallashi, ban ga dalilin da sabon shiga zai fara da shi ba. Wasu kuma fatarsu ba ta shiri da lanolin, ƙaiƙayi yake sa su, don haka a gwada a bayan kunne tukuna.

Tabac na Jamus ba zan daɗe a kansa ba. Sabulu ne mai tauri mai auki, kumfarsa mai kauri ce da santsi, ba ya zaɓen ruwa sosai. Ƙamshinsa ne mai nauyi irin na turaren dattawa kuma yana bin mutum, in ka sa turarenka na wuta ko oud a kai sai su yi ta faɗa. Wanda ƙamshin ya yi masa ya samu sabulu. A lura dai shi da Mitchell's duka an canza haɗinsu a 'yan shekarun nan an cire kitse, saboda haka yabon da za ka ji daga tsofaffin masu amfani da su wataƙila na tsohon haɗi ne, karanta bayan kwali.

Toh namu na gida fa? Ai kafin duk waɗannan su iso wanzamai suna aske kai tas, wasu da ɗan sabulun salo, wasu ma da ruwa zalla. Akwai wani dattijon wanzami a bakin kasuwar unguwarmu da nake zuwa wurinsa in na gaji, na taɓa zama ina kallon yadda yake yi wa wani. Ya ɗebo ruwa a tafin hannu daga ɗan kwano ya zuba a kan, ya hau murzawa da tafin nan yana zagayawa, ya ƙara ruwa ya sake murzawa, ya daɗe yana yi har gashin ya kwanta ya yi laushi, sai a sannan ya zaro aska daga zabira ya ɗan goga ta a fata ya ɗora. Na ce Baba, ba ka gajiya da murzar nan? Ya ce ɗana ai askin ke nan, in gashi ya sha ruwa ko yaro ya aske shi. Kuma gaskiyarsa, gashin da ya jiƙu minti 2 zuwa 3 ya fi busasshe saurin yankuwa nesa ba kusa ba, kuma ba sabulun da zai yi maka wannan aikin in ka tsallake shi.

Shi sabulun salo da toka da mai ake yin sa, yana da sulɓi sosai in ya jiƙe, wannan ba a ƙwace masa ba. Matsalarsa biyu. Kumfarsa ba ta tsayawa, wanzami da hannunsa ya saba yana gamawa kafin ta mutu, kai da kake laluben ƙeyarka a madubi biyu ba za ka cim mata ba. Sannan ba ma'auni ɗaya ake yin sa ba, wani curin mai taushi ne wani kuma tokar ta yi yawa yana cin fata, a kan sabon aski kuwa raɗaɗin ba kaɗan ba ne, wani ma za ka ji ɗan tsakuwa-tsakuwa a ciki wanda ba ka so ya haɗu da bakin askarka. Inda na samo masa gurbi shi ne wankin farko, in wanke kan da shi da ruwan ɗumi ya cire maiƙo da zufa gashin ya buɗe ya sha ruwa, in ɗauraye, sannan in kawo Arko ko Cella. Wannan haɗin ya fi min duk wani man shafawa kafin aski da ake sayarwa da tsada.

Maganar haɗa kumfa, yawancin masu cewa sabulu kaza ba shi da kyau ruwa ne ba su ba shi ba. Hotunan da ake gani na kumfa tsaye ƙiƙam a kan buroshi, wannan ta masu reza ce. Ta aska ta fi ruwa-ruwa, tana sheƙi, saura kaɗan ta fara gangara. Ka jiƙa buroshi ka yarfe, ka murza a kan sabulun har gashin buroshin ya cika ya yi danƙo, ka kai kan ka fara zagayawa, sannan ka dinga tsoma bakin buroshin kaɗai a ruwa kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Gwajin da nake yi, in lakato kaɗan tsakanin babban yatsa da manuni in murza, in na ji yatsun suna gudu toh ta yi, in na ji danƙo saura ruwa. Wani gwajin a jikin askar yake, in ka tsoma ta a ruwa kumfar ta sauka da kanta daidai ne, in ta manne sai ka goge ta bushe da yawa.

Akwai abu biyu da na san Musulmi zai tambaya, kuma ya kamata ya tambaya. Na farko buroshi. Masu arahar nan na gargajiya da aka rubuta Boar ko Pure Bristle a jiki, irin waɗanda kamfanin Omega na Italiya ya yi suna da su, gashin alade ne. Masu tsadar kuma da aka rubuta Badger gashin wata dabbar daji ce. Ni na roba nake amfani da shi, wanda aka rubuta Synthetic, hankalina kwance, ga shi ba ya buƙatar a jiƙa shi tun da wuri, yana bushewa da sauri ba ya wari da damina, kuma bai cin sabulu da yawa. Na biyu kitsen da ke cikin sabulun. Tallow na shanu ne ko tumaki, na alade sunansa daban, Lard. Wanda duk da haka zuciyarsa ba ta natsu da yadda aka yanka dabbar ba ya tambayi malaminsa, ko kuma ya huta ya ɗauki marar kitse, Proraso duk kalolinsa, ko Cella mai koriyar roba da aka yi da alobera, duk za su yi masa aiki.

Sai ƙurajen aski, waɗanda suka addabi da yawa daga cikinmu a wuya da ƙeya. Kar wani mai talla ya ruɗe ka cewa sabulunsa na maganinsu. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in an yanke shi ƙasa sosai da kaifin baki sai ya lanƙwaso ya soki fata ko ya girma a ƙarƙashinta, wurin ya kumbura. Aska kuwa ta fi komai iya yanke gashi ƙasa, musamman in ka ja fatar ta miƙe sosai ka kuma bi ta inda ya saba wa kwanciyar gashin. Abin da sabulu mai santsi ke yi shi ne ya hana ka dannawa da maimaita wuri ɗaya, wannan yana rage fushin fata ƙwarai, amma sauran aikin na hannunka ne, ka bi yadda gashin ya kwanta, wucewa ɗaya ya isa a wuya, kar ka nace sai ya yi sumul. Mai ƙuraje ya guji masu ƙamshi mai ƙarfi da mentol mai yawa, farin Proraso ko Cella sun fi masa. In ƙurajen sun riga sun taso da ruwa a ciki a ajiye askar gaba ɗaya a koma kilifa har su warke, waɗanda suka zama tudu mai tauri a ƙeya kuma na likitan fata ne. Kuma dan Allah kar a haɗa hodar cire gashi irin Magic da aska a rana ɗaya, hodar ta riga ta ci saman fatar, ɗora kaifi a kai ƙuna ce.

In wani ya ce min kuɗinsa na sabulu ɗaya ne kuma yau ya fara riƙe aska, Arko zan ce ya saya, da buroshin roba, da ɗan dunƙulen alif na kasuwa, da man kaɗe. In hannunsa ya faɗa ya ga yana son abin, ya ƙara ƙaramar robar Cella don ranar Juma'a, koren Proraso kuma ya jira bazara. Wajen saye a yi hankali da masu sayarwa a intanet, na taɓa yin odar sabulu mai laushi daga wani shago ya iso a bushe ya tsattsage ya janye daga jikin robar, alamar ya daɗe a sito cikin zafi, don haka ka ce a turo maka hoton ainihin wanda za a aiko da bayan kwalin kafin ka tura kuɗi. Masu zuwa Istanbul sarin kaya kuma su ne hanya mafi sauƙi ta samun Arko, kwali ɗaya ba ya cin wuri a jaka.

In za ka je wurin wanzami ko shagon aski ma ba laifi ka tafi da sabulunka da buroshinka, amma abin da ya fi sabulun muhimmanci ka tafi da askarka, ko ka tsaya a ɓare sabuwar reza a gabanka a sa a irin askar nan mai cin reza, saboda ciwon hanta nau'in B da C suna bin jini a bakin ƙarfe kuma ɗan goga sifirit da auduga ba ya isa. A gida kuma in ka gama kar ka bar kumfa ta kwana a jikin askar, yawancinsu ƙarfe ne mai saurin tsatsa, ka ɗauraye bakin kaɗai kar ruwa ya shiga wurin ƙusar da take naɗewa, ka goge da busasshen tsumma daga baya zuwa baki, ka bar ta a buɗe ta sha iska inda yara ba za su kai ba, da damina kuma ka ɗiga mata ɗan man keken ɗinki kafin ka naɗe.